Muryar Bilyamin a Tsohon Faifai

Bayan la'asar sakaliya Ramlat ta buɗe shagon mijinta da ke Dogo Tebo, a damina ta shekarar 1998. Shagon buga takardu ne da katin biki. Tun da Bilyamin ya rasu a hatsarin mota, ita ke riƙe da shi.

Ba aiki ya kawo ta ba ranar. A cikin kwamfutar akwai muryar Bilyamin, wata 'yar waƙar rarrashi da ya ɗauka yana gwada makirfo. 'Yarsu Sadiya ba ta barci sai an kawo ta shagon ta saurara. Yanzu kwamfutar ta ƙi tashi, yarinyar kuma na kwance a gida da zazzaɓin da ya ƙi jin allura, ba ta ci, ba ta sha, sai kiran Baba.

Umara, mai gyaran da ta kira daga Maiduguri, ya kwance bayan injin ya kara kunne. Wani abu na ƙara a ciki, ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce.

"Maman Sadiya, faifan ajiyar ne yake mutuwa," in ji shi da Hausarsa mai nauyin Barebari. "Ba zan iya zaɓo waƙar ita kaɗai ba. Sai dai in haɗa shi da sabon da na kawo, in kwashe komai ɗungurungum, sabon ya zama tamkar tsohon."

"Ka yi, don Allah."

"Amma ki sani, in ya tsaya a hanya, tsohon ba zai sake juyawa ba. Damar ɗaya ce."

Ya haɗa faifan biyu da wata faffaɗar waya, ya cire sifika ya ajiye a ƙasa don ya sami wuri, ya sa fulofi, ɗan faifan da ke tayar da injin. Wani shuɗin layi ya bayyana a allon, yana rarrafe daga hagu zuwa dama. Babu wuta a unguwar, janareta ce ke ɗauke da su. Umara ya leƙa tankinta ya girgiza kai.

"Man ba zai kai mu ba. Bari in nemi 'yan bumburutu, in yi magariba in dawo. Kar ki taɓa komai."

Ya tare acaɓa ya tafi.

Ramlat ta zauna gaban allon. Hadari ya haɗo daga gabas, masu shagunan kusa suka rufe da wuri. Ladan ya kira salla. Layin ya wuce rabi.

Janareta ta yi tari, ta sake yi, ta mutu.

Fanka ta tsaya. Ƙwan fitila ya mutu. Ramlat ta dafe ƙirji, ta ce shi ke nan.

Allon bai mutu ba.

Ta bi wayar wutar da ido har soket. Babu inda wuta za ta fito. Layin kuwa yana tafiya, ƙwas ɗin ya ƙara ƙarfi, ya daina fitowa daga injin. Daga bayanta yake fitowa, wajen kujerar katako da Bilyamin ke zama.

Ƙanshin turarensa ya fara zuwa. A ƙarƙashinsa akwai wani wari, na jiƙaƙƙiyar ƙasar da aka tono daga rami mai zurfi.

Waƙar ta tashi. Muryarsa ce, har da 'yar dariyar da yake yi a tsakiya. Hawaye suka zubo mata kafin ta tuna sifikar na ƙasa, wayarta a naɗe.

Waƙar ta yanke.

"Ramlat."

Wannan ba ya cikin abin da ya ɗauka.

"Kar ki juyo," muryar ta ce a hankali. "Ban gama ba tukuna. Saura kaɗan."

Kujerar ta yi ƙara, kamar mai nauyi ya gyara zama.

"Bilyamin?" in ji ta.

"Ni ne. Can ya yi mini ƙunci. Ki bari in ƙarasa."

Ta so ta yarda. Allah ya sani ta so. Ta tuna Sadiya, leɓɓanta a bushe, idanunta sun faɗa. In layin nan ya kai ƙarshe, gobe yarinyar za ta ji waƙar ubanta.

"Ina Sadiya?" in ji muryar. "Yau ba ki kawo mini ita ba."

"Ba ta da lafiya."

"Na sani. Ta kusa. In na gama, ni zan je in ɗauko ta."

A gilashin allon ta hango inuwar abin da ke bayanta. Kafaɗun Bilyamin ne, da hularsa. Fuskar ce ba ta gama haɗuwa ba. Duk tafiyar da layin ya yi, sai wani sashe ya cike. Haɓa. Baki. Bakin yana murmushi, ya fi na mutum faɗi.

Ta nemi Ayatul Kursiyyu, harshenta ya yi nauyi kamar dutse.

Layin ya kusa ƙarshen allon.

Numfashi mai sanyi ya sauka a wuyanta.

Ta kalli faffaɗar wayar da ke tsakanin faifan biyu. In ta ja, muryar mijinta ta tafi har abada.

"Ramlat, kar ki yi mini haka."

Da irin muryar da yake lallashinta ya faɗa.

Ta ce bisimillah a zuci, ta miƙa hannu.

Wasu yatsu suka kama wuyan hannunta, dogaye, masu sanyin ƙanƙara. Ta kai ɗaya hannun, ta fizge wayar da duk ƙarfinta.

Ƙarar da ta biyo baya ba ta mutum ba ce. Allon ya yi baƙi. Ramlat ta faɗi, ta rarrafa, ta bangaji ƙofa, ta zube a cikin ruwan saman da ya fara sauka. Nan Umara ya same ta, da galan ɗin mai a hannunsa.

Ya shiga da tocila. Ba kowa. Tsohon faifan ya yi sanyi, sabon kuwa ya yi zafin da sai da ya sa tsumma ya ɗauka. Kujerar katakon a jiƙe take da laka. Bai tambaye ta komai ba. Ya naɗe faifan biyu, washegari Mallam limamin unguwa ya yi addu'a a kansu, aka kai su jeji bayan Danchuwa aka binne.

Shatin yatsu bai bar hannun Ramlat ba. Har yau takan rufe shi da awarwaro, kuma ba ta ƙara kai magariba a shagon ba.

A daren da abin ya faru, zazzaɓin Sadiya ya sauka da asuba. Ta nemi kunu, ta sha, ta kwanta a cinyar uwarta. Ramlat na neman yadda za ta gaya mata waƙar Baba ta ɓace, sai yarinyar ta riga ta magana.

"Umma, mutumin nan ya daina kirana."

"Wane mutum?"

"Wanda yake kwaikwayon muryar Baba. Kullum sai ya ce in zo."