Ko Kaki Ko Ɗana

Bi Tatu na goge kwakwa a tsakar gidanta da ke unguwar Likoni a bakin teku, sai ɗanta Nasoro ya shigo da budurwarsa, Laftanar Mwanaisha, sanye da farin kakin sojan ruwa.

"Ke ce mai kwance bom ɗin?"

"Ni ce, Mama."

"To ji nan — ɗa ɗaya gare ni. Ba zan aura masa wadda kullum take wasa da ajali ba! Ko kaki, ko ɗana."

"Haba Mama!" in ji Nasoro.

"Rufe min baki!"

Sai da suka shiga jirgin fito Mwanaisha ta fashe da kuka. Tana 'yar shekara tara nakiyar kamun kifi ta kashe mahaifinta, tun ranar ta zaɓi wannan aiki.

"Ina son ka, Nasoro, amma ba zan ajiye kaki ba. Kuma ba aure sai da albarkar Mama."

"Zan jira."

"Har yaushe?"

"Malamin lissafi ne ni fa, ƙirga ba ta gajiyar da ni."

Shekara uku suka yi a haka. Ta je kwas, ta dawo, ta zama Kyaftin. Duk Juma'a sai ta je gaisuwa, tsohuwar ta juya mata baya.

Wata safiya Nasoro ya tarar da uwarsa ta kafa wani ƙarfe mai tsatsa a madadin dutsen murhu, wai masunta ne suka janyo shi a taru suka ba ta. Nan take ya kira Mwanaisha. Da ta iso, kallo ɗaya ta yi ta gane tsohon harsashin igwa ne.

"Kowa ya bar unguwar nan, yanzu!"

Bi Tatu ta riƙe ta. "Ke ma kar ki shiga!"

"Mama, in ban shiga ba, wa zai shiga?"

Awa biyu tana durƙushe a gaban murhun. Da aka fita da harsashin lafiya, ta fito jiƙe da gumi.

Bi Tatu ta rungume ta tana kuka. "Ashana kawai nake nema in hura wuta a kansa sa'ad da Nasoro ya shigo... 'Yata, ki yafe mini!" Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma me kake jira?"

Bayan wata guda aka ɗaura aure. Mwanaisha ba ta bar aikinta ba, ba ta kuma taɓa ɗaga wa uwar miji murya ba. Wanda ya haɗa haƙuri da biyayya, ya tsaya a kan gaskiyarsa, Allah ba ya barin sa ya taɓe.