Yadda Saniya Ke Tashi

Ranar da Nasiba ta fara ganin Hanif, yana zaune ne a kujerar ƙarshe ta santar koyon ordinatar, wato kwamfuta, a Magariya, ya sunkuyar da kai yana zanen wutsiyar saniya a kaye, littafinsa na rubutu.

A gaba kuwa Haidar ne tsaye cikin jaket a zafin watan huɗu, yana bayani da faransanci cewa shi ne shef, wato shugaban aikin. Babu wanda ya zaɓe shi. Ya dai buga kati mai sunansa ya rataya a wuya, kuma babu mai ƙarfin gardama a wannan zafin.

Su huɗu mushe, malaminsu, ya haɗa, ya ce su yi wasan bidiyo na waya, a kai shi gasar ɗalibai a Damagaram bayan kaka. Haidar ya kawo shawarar tseren motoci a wani birni mai ƙanƙara. Karima, mai haɗa sauti, ta tambaye shi wane irin ƙara ƙanƙara take yi a ƙarƙashin taya. Bai sani ba.

Nasiba ta ce su yi abin da suka sani. Makiyayi ya koro garke daga gida zuwa mashaya ta burtali da damina, kada saniya ko ɗaya ta shiga gonar mutane. In ta shiga, an faɗi.

Sai a lokacin Hanif ya ɗago kai.

“Ni na riga na fara wutsiya,” ya ce.

Ta dube shi, ya dube ta. Ya yi murmushi ya mayar da kai ƙasa, ita kuma ta manta ragowar maganarta.

Nasiba ƴar Mallawa ce, tana zaune wajen gwaggonta saboda karatu. A tsohuwar wayar yayanta ta koyi rubuta kod, umarnin da ke sa na'ura aiki, tun kafin hannunta ya taɓa ordinatar. Don haka aiki ya rabu da kansa: Hanif ya zana shanu, Nasiba ta sa su motsi, Karima ta sa su kuka, Haidar ya kira taro.

Kafin ruwan farko ya sauka, saƙonnin aikin sun fara canza kama.

“Injiniyata, na turo miki jar saniya. Ki sa ta tafiya a hankali, yau ta gaji.”

“Mai zane, jar saniyarka ta shiga gona sau bakwai. Halinku ɗaya, ba ta jin magana.”

“In ke ce makiyayiyar, ni zan ji.”

Sau uku ta karanta wannan, sannan ta kife wayar ta ci gaba da tsince shinkafar Gwaggo, tana zubar da mai kyau tana ajiye tsakuwa.

Wata Laraba ya kira ta gaban ordinatar. Kwana shida ya yi yana zana yadda saniya ke tashi daga kwance, hoto bayan hoto, idanunsa har sun yi ja. Ya danna. Saniyar ta miƙe ƙafafun gaba, ta ɗaga ƙirji, sannan ta jawo baya.

Nasiba ta gani sarai. A cikin garke ta girma. Amma ya juyo yana kallon ta kamar wanda ya kawo tsaraba daga nesa.

“Ta yi kyau,” ta ce.

Daga nan duk abin da ya zana, ya yi kyau.

Da gero ya kai gwiwa, Hanif ya tura kawunsa wajen mahaifin Nasiba, Malam Hambali, neman izinin zance. Kafin amsa ta fito, Haidar ya hau babur ya nufi Mallawa gaisuwa. Shi ma ya sa ido a kan Nasiba, a ganinsa shef ne ya dace da ita. Ya zauna a tabarma da katinsa a wuya, ya buɗe wasan, ya yi rabin awa yana cewa ni na tsara, ni na jagoranta.

Malam Hambali ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya tambaya wa ya yi wannan saniyar.

Haidar ya dubi fuskar tsohon, nan take ya tuna cewa Hanif ne.

Ranar Asabar aka kira Nasiba gida. Ta tarar da mahaifinta a inuwar rumbu yana tufka igiya. Ta durƙusa ta gaishe shi.

“Kin ga saniyar nan taku?”

“Na gani, Baba.”

“Yaya take tashi?”

Ta ce da ƙafar gaba.

“Kamar jakin maƙwabcinmu Barau,” ya ce, bai daina tufka ba. “Yaron ɗan ma'aikaci ne, a gari ya tashi, rashin saninsa bai dame ni ba. Ke kika dame ni. Tun kina rarrafe kike cikin shanu. Da kika gani, me kika ce masa?”

“Na ce ta yi kyau.”

“To ban ba shi ba. Mutumin da kike tsoron gaya wa saniyarsa ta karkace, ranar da ya karkace da gidanku ma cewa za ki yi ya yi kyau.”

Inna ta sa baki, ta ce kunya ce irin ta ƴan mata. Ya ce ya san kunya, wannan ba ita ba ce. Ya ƙara da cewa mai katin wuyan ma kada ya sake wahalar da babur ɗinsa.

Nasiba ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta fita zuwa gindin gawon da rezon waya ke kamawa, ta zauna, ta rubuta.

“Hanif, na yi maka ƙarya. Saniyar ba ta yi kyau ba. Saniya da baya take fara tashi, tana durƙushe a kan gwiwa, sannan ta miƙe gaba. Taka doki ce mai ƙaho. Tozon ya koma tsakiyar baya kamar na raƙumi. Ƙananan maruƙa ba sa fita kiwo, a gida ake ɗaure su. Garke kuma ba ya tafiya a jere kamar ƴan lakwal masu shiga aji. Saura kurakurai tara, sai mun haɗu. Baba ya ce bai ba ka ba, kuma laifina ne. Ina son ka.”

Ta tura. Alama ta nuna ya karanta. Amsa ba ta zo ba.

Litinin kujerarsa babu kowa. Talata ma haka. Haidar ya kira taron gaggawa, ya ce masu zane dama ba sa jure gyara, shi ya samo shanu a intanet, a saka kawai. Ya nuna su: baƙi da fari, ba tozo, ba ƙaho, kamar an wanke su da sabulu.

Nasiba ta ce muddin ita ke rubuta kod ɗin, waɗannan ba za su taka burtalinta ba.

Ta zauna ta rushe tafiyar garken gaba ɗaya ta sake ginawa. Ta sa wadda ke jan gaba, ta sa mai kwaɗayin da kullum ke karkata wajen gona, ta sa raguwar da ke zama baya. Kuran ya ɗauke, ba wutar kunna ordinatar, ta ci gaba a takarda. Karima ta ce ta kira shi mana. Ta ce abin da za ta faɗa ta riga ta faɗa, ba za ta janye ko kalma ɗaya ba. Amma duk motsin wayar sai ta ɗauka ta duba.

A kwana na goma saƙo ya shigo.

“Injiniyata, ki yi haƙuri, inda nake babu rezo, sai yau na samu. Ina wani garke bayan Dantchiao, wajen abokin kawuna. Na kalli tashin saniya fiye da sau ɗari, ɗaya ta take mini ƙafa. Kwana biyu na yi ina jin haushinki. A na uku na lura wannan ne saƙo mafi tsawo da kika taɓa turo mini. Ina taran da suka saura?”

Ta kifa kai a kan tebur. Karima ta zaci kuka take, ashe har da dariya.

Ya dawo ya yi baƙi, yana ɗingishi, kaye biyu cike da ƙafafun shanu. Ta zauna ta lissafa masa taran, ta ƙara biyu da ta gano daga baya. Shi ma ya ce tunda an buɗe fage, makiyayinta yana gudu kamar wanda kunama ta harba. Suka yi musu har mushe ya leƙo. Sati huɗu suka yi a haka, ana zane ana gogewa.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Hanif da kawunsa suka sauka a Mallawa. Aka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar gida. Nasiba da Inna suna bayan zana, kunnuwansu a waje.

Malam Hambali ya karɓi wayar. Jar saniyar ta durƙusa, ta ɗaga baya, ta miƙe gaba, ta karkaɗe kunne. Ya ce a sake. Aka sake.

Ya sa babban yatsa ya fara kora garken, mai kwaɗayin ta faɗa gonar wake. Ya yi tsaki ya ce irin wannan a kasuwar gaba ake rabuwa da ita. Sannan ya tambaya wace ce ke jan gaba.

Hanif, da zufa ta jiƙa masa hula, ya ce ai babban bijimi ne.

“Ba haka ba ne,” murya ta fito daga bayan zana. “Tsohuwar saniya ce. Ita ta san hanya.”

Inna ta mintsine ta har sai da ta ciji leɓe. Kawun Hanif ya shiga kallon sama.

“Gaskiyarta, Baba,” Hanif ya ce. “Ta gaya mini jiya, tsoronka ne ya kore shi daga kaina.”

Malam Hambali ya dubi zanar, ya dubi yaron. Ya miƙa masa wayar.

“Burtalin nan ya yi faɗi da yawa, yanzu gonaki sun cinye shi. Ku rage.” Ya gyara zama ya juya wajen kawun. “In an yanke gero, ku turo magabata.”

A Damagaram wasan ya zo na biyu. Haidar ne ya hau ya karɓi takardar, ya yi jawabin da ya fi na wanda ya zo na ɗaya tsawo. Su ukun suna ƙasa suna tafa masa da zuciya ɗaya, don sun samu hutun minti ashirin.

Sati uku bayan haka aka ɗaura aure a Mallawa. Da la'asar, kafin a sa amarya a mota, Malam Hambali ya kira su biyun ya dafa kan ƴarsa. Ya ce Allah ya sanya albarka, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa su riƙa jin maganar juna tun tana ƙarama. Mata suka amsa da amin, Karima ta rangaɗa guɗa.

Hanif ya matso kusa da ita cikin babbar riga, ya yi ƙasa da murya.

“Amaryata, yaya kika gan ni yau?”

Ta ɗan ɗaga mayafi ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

“Hularka ta karkace,” ta ce.

Ya sunkuyo, ta miƙa hannu mai lalle ta gyara masa.