Inda Yatsan Baba Ya Saba

Da la'asar sakaliya ta shigo shagon, lokacin da Injiniya ya riga ya gaji da duniya da wayoyinta. Tun safe yake sunkuye kan teburi, idanunsa sun yi ja, fanka tana ta kaɗa iska mai zafi. Sunan Injiniya kuwa maƙwabtan shago ne suka laƙaba masa, shi dai gyaran waya kawai ya iya.

Ta ajiye wata waya ɗaure da roba, irin mai alamar tsuntsu a baya.

"Ba ta caji," ta ce.

Ya juya wayar, ya yi ajiyar zuciya. "Baiwar Allah, wannan ta yi aikinta ta gama. Ki koma wani kamfanin mana."

"A gidanmu ba ma sauya kamfani. Ka dai duba."

Kafin ya gama sauya bakin caja ta yi barci a kan benci, da farar rigar kemis a jikinta, takalmi ɗaya ya zame. Ya kalle ta, ya miƙa hannu ya rage rediyo. Ya gama gyaran, amma ya kasa tashinta sai da ta farka da kanta tana ta ba da haƙuri.

Auta ake kiranta a gida. Ita da mahaifinta suka rage, mahaifiyarta ta rasu shekara uku da suka wuce, yayyenta kowa ya kama gabansa. Wuni take a tsaye tana miƙa magani. Daga ranar gyaran nan suka saba har suka fara son juna. Soyayyarsu ta gajiyayyu ce, yawancinta a saƙo.

"Tsuntsuwata, kin samu kin zauna yau?"

"Minti biyar. Kai fa, Sukudirebana, wuyan ya saki?"

"Ya saki da na ga saƙonki. Har yanzu ba za ki rabu da wannan kamfanin ba?"

"Caja ɗaya ta ishi gidanmu. Hotunana suna bina duk wayar da na saya. Kuma na gaji, ba ni da ƙarfin koyon sabon abu. Kai ma da ƙyar na koye ka."

Ya yi dariya, ya ɗauka dalilan ke nan duka.

Ranar da ya je gaishe da Baba, ya tarar da dattijo mai tsabta, tsohon direba, zaune ƙyam a kujerarsa yana amsa gaisuwa da fara'a. Amma idon mai gyara ba ya hutawa. Ya hango wayar Baba, ita ma mai tsuntsu, bayanta ya kumbura, gilashin duk ya goge.

"Baba, batirin nan ya kumbura. A ba ni in duba."

Baba ya miƙa masa.

A shago ya buɗe ta ya ga ba ta da sauran rai. Nan son burgewa ya ɗebe shi. Ya san Gwaggo, ƙanwar Baba, tana ta yi wa Auta tallan manajan kemis ɗin, mai mota da turare, shi ma yana so a ga nasa. Ya zaɓo sabuwar waya dal ta wani kamfani, ya kwashe lambobi ya zuba, bai gaya wa kowa ba, har Auta.

Ya kai ta ranar da Gwaggo take gidan. Baba yana juya ta a hannu sai kira ya shigo. Ya ja yatsansa sama kamar yadda ya saba, wayar ta ci gaba da ruri. Ya sake ja. Ya taɓa nan, ya taɓa can, ya kai ta dab da fuskarsa, har kiran ya katse.

"Yaya," in ji Gwaggo a hankali, "ba ka gani ne?"

Baba ya ajiye wayar a ƙasa.

"Gyara ka ce za ka yi, yaro. Wanda zai yanke wa mutum shawara bai tambaye shi ba, ba zan ba shi 'yata ba. Ɗauki abinka."

Kwana biyu Auta ba ta amsa kiransa ba. A na uku saƙo ya shigo.

"Baba inuwa kawai yake gani, shekara huɗu ke nan. Ya hana ni faɗa wa kowa. Yatsansa ya haddace wayar nan, ya san inda kowa yake, da ita yake kiran mutane kamar mai ido. Shi ya sa ba ma sauyawa. Yanzu Gwaggo ta baza, kowa sai ya zo yana masa magana da ƙarfi kamar kurma. Ya daina fita ƙofar gida. Na gaji, Sukudireba. Ban san me zan ce maka ba."

Ya karanta sau uku. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta barin mutum ya ci abinci. Shekara goma yana ɗaukar masu manne wa kamfani ɗaya a matsayin masu taurin kai, bai taɓa tambayar ko ɗaya dalili ba.

Ya jawo akwatin tarkace ya lalubo tsohon gilashin wayar Baba. Da ya ɗaga shi a haske sai ya ga wurare biyar da suka goge, daidai faɗin babban yatsa. Ya nemo wata waya mai tsuntsu mai girman waccan, ya ɗora tsohon gilashin a kai, ya rubuta wa Auta.

"Ba biko nake ba. Ki dai gaya min, ƙasa ta hagu wa ke nan?"

"Ni."

"Kusa da ke?"

"Gwaggo. Sai Yaya Babba, sai likita."

"Ta tsakiya fa? Ta fi kowacce gogewa."



"Mama. Layin ya mutu tuntuni. Ba ya kira, yatsansa kawai yake ɗorawa."

Mako guda ya yi, duk lokacin da shago ya lafa, yana ɗaure idonsa da ƙyallen goge gilashi yana gwadawa. Ya daidaita yadda ake amsa kira, ya nemo tsohuwar ƙarar, ya matsar da kowace lamba har ta zauna a ƙarƙashin gogewarta. Maƙwabta suka ce aiki ya taɓa masa kai.

Wannan karon a bakin ƙofar falo ya durƙusa, wayar tana hannunsa.

"Baba, na yi laifi, ban tambaye ka ba. Yanzu tambaya nake. In ka yarda ka taɓa wannan. In ba ta yi ba in koma da ita."

 Baba ya miƙo hannu.

Yatsan ya tafi ƙasa ta hagu da kansa. Daga ɗaki wayar Auta ta ɗauki ruri. Baba ya katse, ya matsa tsakiya, ya tsaya.

"Wa ka sa a nan?"

"Mama ce, Baba. Na bar ta a wurinta."

Dattijon bai ɗage yatsan ba, ya kau da fuska gefe na ɗan lokaci. Sannan ya gangara ya taɓa kusa da Auta.

"Ke ce?" ya ce lokacin da Gwaggo ta ɗauka. "Ni na kira ki da hannuna. Ki bar zancen manajan nan haka."

Bayan wata biyu aka ɗaura musu aure. Da jama'a suka watse, amarya ta zube a kujera ta cire takalmi, ango ya jingina da bango, su duka sun gaji liƙis. Baba ya sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da hutu, sannan ya miƙa wa surukinsa wayar.

"Sama da mahaifiyarta akwai wurin da babu kowa. Sa lambarka a nan."

"Baba, yatsanka bai saba da wurin ba."

"Zai saba," in ji Baba. "Kai dai ka riƙa ɗauka."