Yatsun Madina

Ranar zaɓen da ya mayar da mulki hannun farar hula, Malam Siddiq, malamin kimiyya, yana cikin ma'aikatan rumfar Ƙofar Guga. Wata budurwa ta iso gabansa, hannunta na dama cikin mayafi.

"Za ki dangwala, malama."

Ta jima kafin ta fito da shi. Yatsunta biyu na tsakiya a haɗe suke. Ya tura mata tawadar, idonsa a kan fuskarta.

Madina sunanta. Bai daɗe ba ya fara zuwa zance.

Wata rana da la'asar ta ce, "An ce bakin wata mata ne ya kama Inna tana da cikina. Har ta rasu tana zargin kanta."

"Kowa da hannu kamar ƙafar agwagwa ya fara, Madinata. Tun ɗan tayi bai fi ƙwayar wake ba sinadarai ke kai saƙo, nan babban yatsa, nan ƙarami. Daga baya wani saƙon ya zo, fatar tsakani ta narke. Naki a wuri guda bai iso a kan lokaci ba. Inna ba ta da laifi."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na sauka a hankali.

Amma da ya kai maganar aure gida, mahaifiyarsa, Hajiya Furera, ta ƙi.

"Jikokina fa?"

"Yakan bi jini, Hajiya, yakan ƙi. Ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba."

Da maganar ta iske Madina, sai ta ɗauka janyewa yake son yi, ta daina fitowa. Shi kuwa bai fasa zuwa ya tsaya a ƙofar gidansu ba. Daga ƙarshe ta fito.

"Da ka ɓoye mata, da ta yarda."

"Da na fara zamanmu da ƙarya."

Washegari ta je gaida Hajiya, ta durƙusa, hannunta a fili.

"Hajiya, in na haifi mai irinsa, zan koya masa kada ya ɓoye."

Tsohuwar ta daɗe tana riƙe da hannun.

Bayan Sallah aka sa rana. Ranar lalle, mai ƙunshi ta tsaya tana juya yatsun. Hajiya Furera ta matso.

"Fure ɗaya babba za ki yi a kansu. Ke kuma Madina, Allah ya yi miki albarka, ɗiyata, ya ba ku zuri'a yadda ya so."