Gaurakar da Ta Yi Kuka a Fadama

An yi wani tsohon maharbi a wani gari na bakin fadama. Duk tsuntsun da ya yi kuka, shi ake tambaya sunansa. Ana nan sai wata malamar makaranta ta zo da manhaja a wayarta. Tsuntsu ya yi kuka, waya ta faɗi sunansa, a sa shi cikin ƙidayar tsuntsayen gari. Kowa ya koma bin malama, ba mai tambayar tsoho.

Abin ya ci masa rai. Ya ce a ransa, "Sai na kunyata wayar nan."

Wata safiya malama da mutanen gari suna ƙidaya a fadama, sai ya ɓuya cikin ciyawa, ya haɗa tafin hannuwansa ya yi kukan gauraka, wadda rabon da a gan ta a garin shekara ashirin. Waya ta ce gauraka ce. Mata suka rangaɗa guɗa, wata tsohuwa har da hawaye.

Maharbi yana shirin fitowa ya yi musu dariya, sai ya ji malama ta ce, "Ba zan sa ta ba sai Baba maharbi ya tabbatar. Kunnensa ya fi wayata."

Dariyar ta maƙale. Ya fito kansa a sunkuye, ya ce, "Ba sai kun je nemana ba. Ni ne gaurakar."

Tsohuwa ta share hawayenta, ta ce, "Ashe ba ta dawo ba."

Can malama ta ce, "Baba, nuna mana inda take yin sheƙa a da."

Ya wuce gaba, amma har suka isa bai iya kallon tsohuwar ba.