Malam Ya Danganta

Ranar da aka haɗa su ofis ɗaya, ko gaisuwar kirki ba su yi ba, gajiya ta hana. Ta shigo rungume da takardun jarrabawa har haɓa, shi yana zaune a kan tebur, don kujera ɗaya ce a ɗakin, kuma ɗalibi ne a kanta. Ya ta da ɗalibin, ya ba ta kujerar. Shi ke nan fa.

Dukansu karatun digiri na uku suke, suna kuma koyar da kimiyyar siyasa ga 'yan ajin farko, aikin da manyan malamai ke gudu. Ɗalibai suna kiranta Jan Biro, saboda yadda take jan layi a takardunsu. Shi kuwa Malam Ya Danganta, don duk tambayar da aka yi masa a aji sai ya dafa goshi ya ce, "To, ya danganta." Wai malamin siyasa ba ya ɗaukar ɓangare.

Soyayyarsu a waya ta girma, don da ya buɗe baki sai ɗalibi ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Rabin raina, kin ci abinci?" ya rubuta mata, alhali tana gabansa.

"Ya danganta. Idan tauna murfin biro abinci ne, na ƙoshi."

Mahaifinta mutum ne da ba ya son kewaye-kewaye. Ranar da saurayin ya je gaishe shi, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai malami ne ko ɗalibi?"

"Ya danganta, Abba."

"Yaushe za ka gama?"

"Ya danganta da mai duba aikina."

"To, auren fa, ka shirya?"

Wayyo, bakin da ya saba! "Abba, abin yana da fuska biyu..."

Abba ya miƙa masa hannu, alamar sallama. Ita kuma ya gaya mata ɗan amininsa mai kantin magani ya nemi aurenta, har watan biki ya faɗa, kuma ƙarshen mako zai ba shi amsa.

Ta kwashe takardunta daga ofis ta koma laburare, ta turo masa saƙo:

"Wallahi na gaji. Na gaji da duba jarrabawa, na gaji da layin ɗalibai, na gaji da kare ka a gida. Ba ra'ayin masana aka tambaye ka ba. Ina sonka, amma ba zan auri mutumin da ya kasa faɗa ba."

Ya karanta har idonsa ya yi ja. Yana sonta kamar me, amma duk amsar da ya rubuta sai ya ga ya sa mata "sai dai", ya goge.

Ana haka wata ɗalibar ajin ƙarshe da yake duba bincikenta ta kawo babi. Shafi bayan shafi, wasu sun ce, wasu kuma sun ce. Haƙurinsa ya ƙare.

"Kin kawo mini ra'ayin kowa! Ke fa, ina kika tsaya?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam, ai a wajenka na koya."

Ya daɗe yana kallon kujerar Jan Biro. Sai ya miƙa wa ɗalibar babinta ya fice, ko ƙofa bai rufe ba.

Ya tarar da Abba a ƙofar gida.

"Abba, ɗalibi ne ni. Ban san ranar gamawata ba, ɗakina kuma ɗaya ne. Amma ina son 'yarka, zan riƙe ta amana. Wannan bai danganta da komai ba."

Abba ya ce, "Da haka ka ce tun farko, ai da ba ka wahalar da mu ba. Turo magabatanka."

Aka ɗaura aure, ɗalibai suka cika wurin, Abba ya sa musu albarka.

Suka koma ofis, takardu sun ninka, kujera har yanzu ɗaya. Ba su gama zama ba aka ƙwanƙwasa.

"Malam yana nan?"

Amarya ta leƙa, ta dubi layin, ta dubi mijinta.

"Ya danganta," ta ce, ta tura ƙofar.

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya kuma sa su gama karatun.