Labulen da Nayeli Ta Manta Ba Ta Ja Ba

Tun da safe kicin ɗin Graciela Ontiveros ya cika da tururi da hayaniya. Saura kwana biyu Kirsimeti, kuma a nan El Paso gidan da bai naɗa tamales a wannan mako ba ya shiga bakin maƙwabta. Graciela tana shafa ƙullun masara a kan ɓawon masara, ƙanwarta Chayo tana zuba nama da jan barkono tana naɗewa, bakinta kuwa ya fi hannunta sauri.

"Amá, ki bar ni in duba tukunya mana," Nayeli ta ce wa uwarta daga ƙarshen teburi.

"Zauna inda kike, mija, 'yata! So kike ki ƙone mini ana jibi biki?"

"To in yanka albasa?"

"Wuƙa kuma? Ke dai ki zauna, zaman naki ma taimako ne."

Nayeli ta ci gaba da zama. Shekararta ashirin da huɗu, ita kaɗai ce 'yar Graciela. Ciwo ya tafi da idanunta tana da shekara goma sha biyar, bayan rasuwar mahaifinta da kaɗan. Tun daga ranar uwar ta mai da kanta idon 'yarta da ƙafarta, har ma da bakinta, don ko likita ne ya tambayi Nayeli inda ke mata ciwo, Graciela ce mai amsawa. Ba mugunta ba ce, kowa a unguwar zai shaida. So ne, amma irin son da ke kulle ƙofa ya jefa makulli a aljihu.

Shekara da shekaru ko saƙo Nayeli ba ta iya aikawa a ɓoye. Sai ta faɗa wa waya da baki sannan wayar ta rubuta, bangon gidan kuwa bai fi kwali kauri ba. Tana cewa "na yi kewarki" za ta ji daga kicin: "Kewar wa kike yi?"

A cibiyar horar da makafi ta sami sauƙi, inda uwar ke kai ta duk Talata ta zauna a mota tana jira. Can ta haɗu da Efraín Baeza, malamin waya, makaho tun haihuwa, mai tsokanar tsiya. Shi ya koya mata rubutu da yatsu shida. A kwantar da waya a riƙe ta da hannu biyu, bayanta na kallon ƙirji, fuskarta na kallon waje, yatsu uku ta nan uku ta can, a dinga buga ɗigogin rubutun makafi, abin kunne yana raɗa wa mutum abin da ya rubuta.

"Abu ɗaya dai, ɗalibata mai taurin kai," in ji shi ran farko. "Fuskar wayar jama'a take kallo, ba ke ba. Buga yatsu uku sau uku, labule zai sauka, ta yi baƙi ƙirin. Wayar na aiki, masu ido kuwa sai su ci kansu."

Ranar ta fara mallakar maganar da ba wanda ya ji. Wata goma sha huɗu suna rubuta wa juna, darasi ya koma hira, hira ta koma abin da kowa ya sani.

To, a safiyar tamales ɗin nan wata 'yar uwa ta turo hoton jaririnta daga Chihuahua, Nayeli ta ɗage labulen don uwarta ta gani. Aka yi ta shewa ana neman wanda yaron ya ɗauko, aka mayar mata da waya. Ita duhun duk ɗaya ne a wurinta, ina za ta san fuskar wayar na nan tana haske? Ta kwantar da ita ta hau bugawa, Chayo kuwa tana zaune daidai gabanta.

"Lallai yarinyar nan akwai sauri," in ji Chayo tana gyara tabarau. "Bari mu gani... 'Efra, na gaji. Ko albasa an hana ni yankawa. Gidan nan kurkuku ne mai ƙamshin abinci. Ka zo ranar Lahadi ka nemi aurena kamar yadda muka...' Yesu! Graciela!"

Nayeli ta zabura. Ta buga yatsu uku sau uku, amma aikin gama ya gama.

"Kurkuku?" Graciela ta ajiye cokali a hankali. "Gidana ne kurkuku? Wane ne Efra?"

"Malamina ne, Amá. Da ma yau nake so in gaya..."

"Wannan mai sandar? Wanda nake gani yana laluben ƙofar bas? Wayyo Allah! Ina zaune a mota kamar direba, ashe tallarki nake kaiwa!"

"Makafi biyu a gida ɗaya!" Chayo ta tafa hannu. "In wuta ta kama, wa zai gani? In kun haihu yaro ya haɗiye maɓalli fa?"

"Tía," Nayeli ta ce wa ƙanwar uwarta, "shekara takwas yana zaune shi kaɗai, bai ƙone ba. Yana girki, yana aiki..."

"Rufe mini baki!" Graciela ta fizge wayar ta jefa a aljihun rigar girkinta. "Ba cibiya, ba waya, ba Efra! Ban raine ki da hawayena don in miƙa ki ga wanda ba zai iya ganin ramin da za ki faɗa ba."

"Amá, na wuce shekarun da za a tsare ni. In na ɗauki sandata na fita, ba dokar da za ta dawo da ni." Hawaye na zubo wa Nayeli. "Amma ba zan fita ba. Ba zan bar gidan nan ba sai da albarkarki."

"To kin zauna ke nan har abada!"

An ci tamales ɗin bana ba wanda ya ji ɗanɗanonsu.

Mai ido in an karɓe masa waya, hira ya rasa. Nayeli kuwa da wayar take sanin ƙarfe nawa, da ita take bambanta gwangwanin wake da na tumatir, ita ke karanta mata littafi. Yanzu komai sai ta tambaya. "Amá, wace riga ce wannan?" "Amá, rana ta yi?" Graciela tana amsawa da fara'a, har da ƙarin bayani, don a zuciyarta 'yarta ce ta dawo hannunta. Daga gado zuwa kujerar falo taku goma sha ɗaya ne, daga kujera zuwa taga huɗu. Nan duniyar Nayeli ta tsaya. Ta rame, ta daina waƙa a banɗaki, amma ko sau ɗaya ba ta ɗaga wa uwarta murya ba.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Nayeli ta ji ƙarar sanda a kan siminti, ƙwas, ƙwas, har bakin ƙofa. Graciela ce ta buɗe.

"Barka da rana, Señora Ontiveros. Sunana Efraín Baeza. Na zo ne..."

"Ba ta nan!"

"To, Señora. Ga burodi mai zaƙi na kawo, zan ajiye a kan matakala. Sai Lahadi mai zuwa."

"Kada ka wahalar da kanka!"

"Ba wahala, bas biyu ne kawai."

Nayeli tana maƙale a bayan ƙofar ɗakinta, tana jin ƙarar sandar na nisa har ta ɓace. Ta cusa fuska a matashi don kada kukan ya fita. Haka aka yi Lahadi biyar. Yakan zo, a kore shi, ya yi godiya ya ajiye burodi. Chayo ce ke cinyewa, tana ci tana zaginsa.

Graciela ta ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ta yanke shawarar aika masa saƙon sallama da sunan Nayeli. Ta shige ɗakin wanki da wayar. Fuska baƙa ƙirin. Ta danna nan, wata murya ta zuba magana da gudu kamar mai gwanjo. Ta shafa can, muryar ta sake wata. Ta girgiza ta, ta hura mata iska, har caji ta sa mata. Wayar ta ƙi ta sarai.

"Wannan ba waya ba ce, aljani ne!" ta gaya wa Chayo.

"Ke ma dai! Ba ta wayar ta rubuta da hannunta, ke kina gabanta kina karantawa. Ai fuskar ke take kallo."

Ranar Asabar da hantsi suka zaunar da Nayeli a teburin kicin. Graciela ta ɗora mata wayar a tafin hannu.

"Buɗe hasken. Ki rubuta masa kin fasa, kada ya sake zuwa. Ina kallon kowane harafi."

Nayeli ta shafa wayar kamar mai gaisawa da tsohuwar ƙawa. Ta ɗage labulen, ta juya fuskar ga uwarta, ta jera yatsunta. Duk wanda ya san Graciela ya san ba a gama magana a gabanta, kana fara jimla ta ƙarasa maka da tata. Amma rubutu ba ya jin tsawa, sai dai ka bi shi. Haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya.

"Amá, wannan naki ne, ba nasa ba. Ina jin kukanki a ɗakin wanki duk watan Maris, watan da ciwon ya kama ni. Ina jin kina cewa da kin bar aiki kin kai ni asibiti a makon farko, da ina gani."

"Ba abin da na ce ki..." Graciela ta fara. Yatsun ba su tsaya ba.

"Likita ya ce ba laifinki ba ne. Ni ma yau ina gaya miki, ban taɓa riƙe ki a zuciya ba, ko na minti ɗaya. Shekara tara kina hukunta kanki, ni kuma an kulle ni tare da ke. Na iya tsallaka titi, Amá. Na iya dafa shinkafa. A cibiya na koya, na ɓoye miki don kada ki ji kamar na daina bukatarki. Ina bukatarki, amma a matsayin uwa, ba sanda ba. Ina son Efraín. In har yanzu kin ce in rubuta masa na fasa, zan goge wannan in rubuta. Sai dai ki sani ƙarya za ki sa 'yarki ta yi."

Yatsun suka tsaya cak a kan wayar, suna jira. Chayo, wadda ba a taɓa ganin bakinta a rufe ba, ta cire tabarau tana goge ido da gefen riga.

"Kina ji na?" in ji Graciela da ƙyar. "Duk shekarun nan kina ji na a ɗakin wanki?"

"Bangon ba kauri, Amá."

Graciela ta zube a gaban kujerar, ta kifa kai a cinyar 'yarta ta fashe da kuka mai ƙarfi, irin wanda ta shekara tara tana yi a ɓoye. "Tsoro nake ji, mija! Na yi sakaci sau ɗaya, ina tsoron in sake!" Nayeli ta ajiye wayar ta rungume kanta, suka yi ta kuka tare har shinkafar da ke kan wuta ta kama.

Washegari Lahadi Graciela ta shirya teburi da faranti huɗu. Ta tsaya a bakin ɗakin 'yarta tana murza hannu.

"Bas ɗin nasa ƙarfe nawa yake sauka?"

"Sha biyu da kwata."

"To... je ki taro shi. Ba kyau baƙo ya shigo shi kaɗai."

"Ni kaɗai, Amá?"

"Kada ki sa in canja ra'ayi!"

Ta ɗora babban yatsa a goshin Nayeli ta zana mata alamar gicciye, ta sa mata albarka, ta buɗe ƙofa da hannunta. Nayeli ta sauka matakala, sandarta na share hanya. Can gaba wani maƙwabci ya bar kwandon shara a tsakiyar hanyar ƙafa. Graciela ta gani, ta buɗe baki za ta yi ihu, sai ta toshe shi da hannu biyu. Sandar ta bugi kwandon. Nayeli ta tsaya, ta laluba gefensa, ta kewaye, ta ci gaba ba ta ko waiwayo ba.

"Ta wuce," in ji Chayo a hankali. "Graciela, saki ƙofar, za ki ɓalla ta."

A watan Yuni aka ɗaura auren, kuma Graciela ce ta fi kowa rawa. Da Nayeli ta fice cikin fushi ran da aka karɓe mata waya, da ta sami miji ta rasa uwa. Ta yi haƙuri, ta faɗi gaskiya cikin ladabi, ta sami duka biyun. Ku kuma iyaye, tsoronku ba ya rage muku daraja, amma kada ku gina wa 'ya'yanku ɗaki da shi. Ranar da Graciela ta fi nuna wa 'yarta so ita ce ranar da ta ga kwandon shara a gabanta ta yi shiru.